Sha Daban, Shaƙa Daban

Duk wanda ya taɓa kai kaya shagon wanki da guga da ke ƙasan dogon benen nan, daidai inda motocin haya ke juyawa, ya san Usur, ko da bai san ya san ta ba. Ita ce 'yar siririyar matar da ke tsaye bayan tebur, dutsen guga a hannun dama, kwalbar fesa ruwa a hagu, baki kuma ba ya zuwa hutu. In ka kawo riga da tabon mai, kafin ka gama sallama ta faɗa maka abin da ka ci jiya da wanda ya biya. A wuyanta akwai igiya, a jikin igiyar kuma wani ɗan shuɗin abu mai kama da gwiwar famfo yana reto. Mutane na ɗauka ado ne ya ƙare mata. Ba ado ba ne. Faɗa aka yi kafin abin nan ya hau wuyanta, kuma faɗan ya isa a ba da labarinsa.

Sunan ya samo asali tun tana 'yar firamare. Da ciwon asma ta tashi. In ta yi gudu, ko aka share aji, ko sanyi ya ɗan taɓa gari, sai ka ji ƙirjinta na fiii, fiii, kamar alƙalin wasa ya ga an yi ƙeta. 'Yan ajinsu, waɗanda ba su taɓa barin abin tsokana ya wuce a banza ba, suka laƙaba mata Usur. Wata yarinyar da kuka za ta koma gida. Ita kuwa karɓe sunan ta yi ta yafa. In aka ce "Usur!" sai ta ce, "An tashi wasa, kowa ya kama hanyar gidan ubansa." Karatun dai bai yi nisa ba, don kwanakinta a gadon asibiti sun fi na kan benci. Ta bar makaranta, makarantar ma ba ta aiko a neme ta ba.

Sai da ta zama budurwa wani likita ya haɗa ta da abokan zamanta guda biyu. Magani ne a cikin 'yan gwangwanaye, a sa a baki, a danna, a ja iskar har cikin huhu. Ɗaya mai ruwan ƙasa, safe da yamma, ko ƙirji na busa ko ba ya busa, a kuskure baki bayan an gama. Ɗayan shuɗi, sai in ƙirji ya kama. Sunayensu na asibiti sun fi ƙarfin harshenta, don haka ta raɗa musu nata: Kullum da Gaggawa. Tun da ta same su ta san cewa mutane ba ƙarya suke ba da suke cewa iska kyauta ce.

Da su ta samu aiki. Mai shagon wankin, wata dattijuwa mai faɗa da kirki a haɗe, ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba za ta iya da ɗakin wanki ba, warin bilic zai kashe ta, amma ga teburin guga bakin taga. Nan Usur ta kafa mulki. Kwala kafin hannu, hannu kafin baya, wando a bi karinsa kar a yi masa biyu. Kafin kaya su shiga ruwa kuma ita ke lalube aljihu, don ta ce aljihun mutum ya fi bakinsa faɗin gaskiya.

A bakin wannan teburin Direba ya same ta. Motar raba burodi yake ja, dogo ne mai sanyin magana, kuma farar riga ɗaya tak ya mallaka. Ya kawo ta wanki, ya karɓa, ya sake kawowa ba tare da ya sa ta ba. A zuwan da ya cika mata ciki ta ɗaga rigar ta duba a haske ta ce, "Malam, rigar nan ta gaji. In magana ce da kai ka faɗe ta, tun zaren bai rabu ba." Ya faɗa, da ƙyar. Aka yi aure, ta tare a ɗakuna biyu da ke can ƙololuwar wani tsohon bene marar lif, ɗaya nasu, ɗaya na mahaifiyarsa, wadda kowa a benen ke kira Inna.

Kar a yi wa Inna ƙage, ba muguwa ba ce. Ita kaɗai ta reni 'ya'yanta maza biyu da sharar ofisoshin mutane. Direba ya tsaya da ƙafarsa. Ƙaninsa, Auta, ya faɗa cikin samarin ƙarƙashin gada masu shaƙar sholisho a tsumma, ya lalace a gaban idonta, wata rana ya fita bai dawo ba. A gidan ba a kiran sunansa. Takalmansa dai na nan bayan ƙofar Inna, a goge.

Da Usur ta samu cikin fari, Inna ta fi kowa murna, kuma ita ta fara miƙa hannu. "Kawo gwangwanayen nan, 'yar nan. Mai juna biyu ba ta shan magani barkatai. Abin da kika sha, shi ɗan ya sha." Usur amarya ce a lokacin, kunya ba ta gama sakin ta ba. Ta miƙa. Aka koma ruwan zafi da zuma da turara ƙirji a bakin tukunya. Ƙirji kuwa bai san zuma ba. Ta koma barci a zaune, hawa bene ya zama tafiya mai zango-zango, magana ma sai a gutsure. Direba na shiga yana fita yana cewa Allah ya yi mata albarka da biyayya. Ciki bai kai rabin hanya ba ya zube.

Kafin ta gama warkewa matan bene sun gama shari'a. A kan matakala suke zama da yamma, kuma a nan ake tattara rahoton duniya. Wata ta ce ai dafin ya riga ya shiga kafin a karɓe maganin. Wata ta ce ta san 'yar ƙanwar maƙwabciyar yayarta, ita ma irin wannan abin take fesawa, ɗanta ya zo ba rai. Aka yi ta jinjina kai. Usur ta wuce ta tsakiyarsu ba ta ce uffan ba, kuma masu lissafi sun ce wannan ne karo ɗaya a tarihi da aka faɗa mata magana ba ta ba da canji ba. Ba don ba ta da amsa ba. Tsoro take ji kar ya zama gaskiya suka faɗa.

Aka mayar mata da Kullum da Gaggawa, ta koma bakin taga. Sai ga ciki na biyu.

Wannan karon ba ta faɗa wa kowa ba sai da ta je awo. A ɗakin awon akwai wata ungozoma mai jiki, tabarau a ƙarshen hanci, kowa na ce mata Sista. Usur ta zube gwangwanayen a kan tebur kamar an kama ɓarayi.

"Sista, ki faɗa mini tsakani da Allah. Waɗannan ne suka kashe mini na farko?"

Sista ta ɗaga su ta duba, ta tambayi yadda aka yi, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ban sani ba. Wanda duk ya ce miki ya sani, ya faɗi son ransa. Ɓari na zuwar wa mai asma, yana zuwar wa wadda ko mura ba ta yi. Amma bari in tambaye ki. Ɗan da ke cikinki, da wane hanci yake numfashi?"

Usur ta dubi cikinta. Ta ce, "Da nawa hancin?"

"To. In ke ba ki samu iska ba, shi zai leƙo taga ya shaƙa? An daɗe ana bin yadda cikin mata masu amfani da irin wannan maganin ke ƙarewa, kuma abin da aka gani shi ya sa muke ce musu kar su daina. Barin asma ta yi ta maƙure ki shi ne abin tsoro. Za ki ga likita ya duba ki, ya duba maganin, amma kar ki ajiye shi don wata ta ce."

"Za ki rantse mini wannan zai zo lafiya?"

"Rantsuwa ba ta cikin aikina, ƙanwata. Wannan sanin na Allah ne. Ni abin da na sani na faɗa miki."

Likita ya duba, ya maimaita maganar Sista da dogon Turanci. Usur ta fito da abu biyu a ƙirji: ƙarfin gwiwa da ragowar tsoro, kuma ba ta san wanne ya fi nauyi ba.

Ciki ba ya ɓoyuwa ga tsohuwa. Inna ta gane tun daga yadda Usur ke kawar da kai daga warin soyayyen mai. Ranar hutun Direba aka zaunar da ita. Inna a kan kujera, Direba a bakin gado yana murza makullin mota kamar zai tatsi ruwa.

"Mun ga abin da ya faru wancan karon," in ji Inna. "Ba za mu sake gani ba. Kawo su."

"Inna, Sista ta ce…"

"Sista ta haifa mini Direba? Kawo su. Kuma ki rantse a gaban mijinki ba za ki ƙara shan wannan abin ba har ki sauka."

Usur ta dubi Direba. Direba ya dubi makulli. A nan ne shaiɗancin bakinta ya raɗa mata wata dabara, ita kuma ta karɓa hannu bibbiyu. Ta miƙa gwangwanayen ta ce, "Wallahi, Inna, ba zan sha ba."

Kowa ya yi ajiyar zuciya. Washegari ta biya ta asibiti ta karɓo sababbi. A shago akwai wani baƙin kwat da mai shi ya kawo tun tuni bai dawo ba, yana rataye a can ƙurya cikin leda. A aljihunsa na ciki Kullum da Gaggawa suka kama haya. Da safe kafin ta kunna dutse, da yamma kafin ta kashe shi, sai ta je gaida kwat. Mai shago ta gani ta kawar da kai, abin da ta ce kawai shi ne, "Wannan kwat ɗin ya samu mai ziyara fiye da ni."

Ita kuwa Usur, a ranta shari'ar a bayyane take. Ruwa ake sha, shayi ake sha, ƙwaya ake sha. Wannan shaƙa ake yi. Wanda ya ga ta haɗiye gwangwani ya kai ƙara.

Tsoron nan dai bai bar ta ba, shi ya sa ta buɗe nata ofishin bincike. Ai ita ke lalube aljihu. Sai ta lura ashe irin gwangwaninta na yawo a gari fiye da yadda ake zato: a aljihun rigar sanyi, a naɗe cikin mayafi, a ƙasan jakar da aka zubo kayan wanki. In mai kayan mace ce ta zo karɓa, sai Usur ta miƙa mata abinta a asirce ta ce, "Anti, don Allah kar ki ji haushi. Kin taɓa haihuwa da wannan?" Wata malamar makaranta ta yi dariya ta ce duk 'ya'yanta da shi ta haife su, kuma babban har ya fi ƙarfin bulalarta. Wata ta ce nata ya zo kafin lokaci, ya kwana biyu a kwalba, yanzu ga shi can yana fasa mata kofuna. Wata kuma ta sunkuyar da kai ta ce ta yi ɓari ɗaya, ta haifi ɗaya, kuma har yau ba ta san dalilin na farkon ba. Usur ta riƙe hannunta, ba ta yi wasa ba.

Abin da ya ba ta haushi shi ne, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da labarinta ya taɓa hawa matakalar benensu. Wadda ta haihu lafiya ɓoye gwangwaninta take yi ta yi shiru. Mummunan labari ne kaɗai ke da ƙafa, har da takalmi.

Asiri ya tonu ne da tsakar rana. Ciki ya fito sosai, kuma Inna, ganin yarinyar na ta aiki a tsaye, ta dafa shinkafa ta ɗauko kwano ta sauko benen nan da tsofaffin gwiwoyinta ta kawo mata har shago. A ranar ne kuma wani sabon ma'aikaci ya kifar da jarkar bilic a ɗakin wanki, wari ya cika ko'ina, ƙirjin Usur ya fara kiran sunanta. Tana tsaye gaban kwat, Gaggawa a baki, ta danna ke nan, ta juyo suka yi ido huɗu.

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Ke ba kin rantse ba?"

Usur ta riƙe numfashi yadda aka koya mata, ta sake shi a hankali, sannan ta saki amsar da ta daɗe tana gogewa tana sa mata sitati. "Na rantse ba zan sha ba, Inna, kuma ban sha ba. Shaƙa nake yi. Sha daban, shaƙa daban."

Ma'aikata suka fara dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba, don fuskar Inna ta canza irin canzawar da ba a so. Ta ajiye kwanon a kan teburin guga a hankali kamar ƙwai ne a ciki.

"Shaƙa," in ji ta. "Haka Auta ya ce mini. Na kama shi da tsumma a hanci, ya ce, Inna, ba sha nake ba, shaƙa ce kawai."

Ta juya ta fita. Usur ta tsaya da shuɗin abu a hannu, baki buɗe. Ta yi wata da watanni tana alfahari da wayonta, ba ta taɓa tuna takalman da ke bayan ƙofa ba.

Da yamma ta tarar da Direba a ƙasan bene yana jiran ta, kuma a karon farko tun aurensu muryarsa ta fi ta injin motarsa. "Kin yi wasa da rantsuwa! Kin mai da mu sakarkaru! Kin sa uwata kuka a titi!"

"Na yi," in ji Usur. "Rantsuwar tsakanina da Allah, zan nemi gafararsa. Kalmar da na jefi Inna da ita, zan durƙusa in ba ta haƙuri. Amma maganin, maigida, ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan ba da haƙuri a kansa ba. Laifina ɗaya, da na ɓoye. Ba ni biron nan na aljihunka."

"Biro kuma?"

Ta zare shi da kanta, ta cire ruwan da murfin baya, ta miƙa masa bututun. "Sa a baki. Toshe hanci. Ta nan kaɗai za ka yi numfashi. Mu hau."

Matan matakala suka matsa gefe, don ba a ba su irin wannan kallon kyauta kullum. Direba, da yake namiji ne kuma ana kallo, ya soma hawa da tsalle. Hawa na farko ya wuce da taƙama. A na biyu ya kama ƙarfen bene. Kafin na uku idanunsa sun firfito, bututun na ta fiii, fiii, ya tofar da shi ya zauna daɓas yana haki kamar wanda ya tura motarsa daga kasuwa.

Usur ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, ciki a gaba. "Sannu, Usur. Haka na yi wancan cikin, safe da rana, kana shigowa kana sa mini albarka. Kai kai kaɗai ne a bututun nan. Ni mu biyu ne. Ban ce rashin iska ne ya tafi da na farko ba, don ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, waɗannan alƙalan na matakala ma ba su sani ba. Amma wannan ba zan raba masa iska da cokali ba."

Direba ya buɗe baki zai ce wani abu. Bai da iskar cewa.

Ta haye ta same Inna zaune a bakin gado. Ta durƙusa, da ƙyar, don ciki ba ya son durƙuso. "Inna, ki yafe mini. Bakina ya riga hankalina. Ban yi nufin taɓa miki ciwo ba."

Inna ta dube ta. Can ta ce, "Na yafe. Kawo shi."

"Shi ne ba zan kawo ba. Abin da Auta ya shaƙa raba shi da ke ya yi. Wannan riƙe ni yake yi, ni da jikanki. Gobe in kina so mu je ki ji daga bakin Sista."

"Ba inda za ni. Na nemi ɗana na rasa, na ga naki ya zube. Ba Sista ce za ta koya mini tsoro ba." Ta nuna ta da yatsa. "In ɗan nan ya zo ba daidai ba, alhakinsa a wuyanki."

Usur ta miƙe. A jikin ƙusa akwai wata igiyar makulli ta Direba. Ta ciro ta, ta ɗaura Gaggawa a jiki, ta zura a kai.

"A wuyana, Inna. Ga shi nan, kowa ya gani."

Daga ranar ba ta ƙara ziyartar kwat ba. Kullum ya dawo kan tebur kusa da buroshin haƙori, Gaggawa na reto a gaba duk inda ta nufa. In ta zo wucewa ta matakala aka yi ƙus-ƙus, sai ta ɗaga shi ta ce, "Ku gaisa, ba ya cizo." Direba ya koma kai ta awo da motar burodi, har Sista ta ce duk ɗakin na tashi da yunwa in sun shigo. Inna kuwa ta ɗauke mata magana, sai gaisuwa a taƙaice. Abinci dai bai fasa zuwa shago ba.

Kar a ɗauka jarumtar ta kai har ƙasan zuciya. Akwai lokutan da ɗan cikin zai yi shiru, Usur ta kafe dutsen guga a tsaye, ta dafa ciki da hannu biyu, ta ƙi motsi, igiyar nan ta yi mata nauyi kamar an rataya mata dutsen niƙa. Sai ta ji ɗan shuri a haƙarƙari, ta ce, "Ɗan banza, ka ba ni tsoro," ta ci gaba da kwala. Ba wanda ta faɗa wa wannan. Mai faɗa ba ya nuna inda ke masa ciwo.

Naƙuda ta zo da hantsi, kafin lokacin da aka ɗiba da ɗan kaɗan, tana tsakiyar wata riga mai dogon hannu. Ta gama hannun da ta fara, don ta ce ba za a ce ta bar aiki rabi ba, sannan ta ce a kira Direba. Ya iso da sauran burodin mutane a baya da Inna a gaba, wadda ba wanda ya san ya aka yi ta sauko benen da wannan saurin.

A ƙofar ɗakin haihuwa aka ce a cire duk abin da ke wuya. Usur ta cire igiyar ta waiga. Direba ya tafi neman wurin ajiye mota. Inna kaɗai ke tsaye. Suka dubi juna. Inna ta miƙo hannu ta karɓa da yatsu biyu, kamar an ba ta mataccen ɓera.

Aka daɗe. Inna na kan benci tana jin nishi ta bayan ƙofa, tana addu'a. Can cikin nishin sai ta jiyo wani sauti da ta sani, wanda ta sha ji ta bango a wancan cikin tana cewa zai wuce: fiii, fiii. Ta dubi abin da ke hannunta. Ta miƙe ta tura ƙofar da aka hana turawa.

"Inna, ba a shigowa!" in ji Sista.

"Ba shigowa na yi ba. Ga abinta. Ku ba ta."

Sista na da nata tanadin a ɗakin, amma ta dubi tsohuwar ta saman tabarau, ta karɓa, ta ce, "Kin kyauta."

Mace aka haifa, 'yar mitsitsiya, amma da ta buɗe baki sai da mai gadi ya leƙo daga bakin ƙofa. Nan take Direba ya ce Usur ta haifi Jiniya, sunan kuma ya bi ta har yau. Inna ta karɓe ta ta shiga bincike kamar mai sayen akuya: yatsu, kunne, ido, tafin ƙafa, har ta kara kunne a ɗan ƙirjin. Ba ta samu abin kamawa ba.

"Addu'ata ce," in ji ta.

"Addu'arki ce, Inna," in ji Usur daga kan gado, murya a dishe. "Da iskata."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba.

Usur ta koma bakin tagarta da igiya a wuya. Ko Jiniya za ta gaji ƙirjin uwarta, ba wanda ya sani tukuna, kuma Usur ta ce in ta gada, an san hanyar asibiti. In mai ciki ta zo karɓar kaya ta tsaya tana satar kallon shuɗin abin, Usur kan ce, "Tambayi, ba kuɗi. Nawa labarin ga shi can yana ihu a bayan kakarsa. Naki kuma ki je awo a duba ki, kar ki bari 'yan matakala su yi miki likitanci." Rahotonta yanzu ya hau bene, don da kanta take kai shi, da ƙarfi, hawa-hawa.

Inna dai ba ta taɓa cewa ta yarda ba, kuma ba ta daina neman hujja ba. Kwanakin baya Jiniya ta ƙoshi da nono, sai shaƙuwa ta kama ta, hik, hik, duk jikin na tsalle. Inna ta zabura da murna kamar ta ci shari'a.

"Kun gani ko! Ga abin da nake faɗa! Uwa ta yi ta shaƙa, ga 'ya na shaƙuwa!"

Usur ta dube su, tsohuwar ta ƙanƙame jaririyar a ƙirji tana bubbuga bayanta, ta hana kowa taɓawa, har uban.

"Shaƙuwa kam akwai ta, Inna," in ji ta. "Tun safe nake roƙo ki ba ni 'yata in goya, kin ƙi."